Tartibin Ceto: Abin Yi Idan Ma'adanar Kwamfuta Ta Fara Gazawa

Daga cikin sassan da aka harhaɗa aka yi kwamfuta, babu wanda asararsa ke taɓa mai ita kamar ma'adana, wato ɗan akwatin ƙarfen nan da masu sana'ar ke kira had-dis. Domin allon kallo idan ya fashe ana sayen wani, madannai idan sun lalace ana musanya su, batir idan ya mutu kasuwa cike take da irinsa, amma abin da ke cikin ma'adana, na daga kundin digirin ɗalibi, da lissafin bashin ɗan kasuwa, da hotunan iyayen da suka riga mu gidan gaskiya, da karatuttukan malamai da aka shekara ana tarawa, ba shi da kasuwa, kuma ba a aron na wani a maye gurbinsa. Wannan ne ya sa ranar da kwamfuta ta fara nauyi, ko ta ƙi buɗe wata jaka, ko ta fito da saƙon cewa sai an goge ma'adanar kafin a iya amfani da ita, hankalin mutum kan tashi, ya yi ta kashewa yana kunnawa, ya ɗora mata duk manhajar da aka kwatanta masa, alhali kuwa galibin asarar da ba ta da makawa a cikin wannan sa'a ta gaggawa ake yin ta.

Ma'abota wannan fanni sun haɗu a kan cewa aikin yana da tartibi, wanda idan aka saɓa shi, manhajar da aka yi domin ceto ita ce za ta ƙarasa abin da ya rage. Da farko a tambayi ma'adanar halin da take ciki, sa'an nan a kwashe abin da ke cikinta zuwa wata lafiyayya, sa'an nan daga ƙarshe a yi maganar gyara, kuma gyaran a kan kwafin za a yi shi. Dalilin wannan jeri ba ya fitowa sarai sai an san yadda aka ƙera ta.

Yadda take a ciki

Asalin wannan na'ura daga birnin San Jose ne na jihar Kalifoniya a Amurka, inda a shekarar 1956 kamfanin IBM, bisa jagorancin injiniya Reynold Johnson, ya fito da ma'adanar farko, mai faifai 50, kowane faifai faɗinsa inci 24, nauyinta wajen tan guda, alhali iyakar abin da take ɗauka haruffa miliyan 5 ne, wato abin da hoto ɗaya ko biyu na wayar hannu ta yau zai cinye. Tun daga wancan zamani jikinta yake ta ƙanƙancewa cikinta yana yalwata, har ta kai ana sa ta a aljihu tana ɗauke da ninkin wancan sau dubbai ɗari, amma hikimar da aka gina ta a kai ba ta sauya ba. Faifai ne na alminiyam ko na gilashi, an shafe fuskarsa da sinadari mai karɓar maganaɗisu, yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, sa'an nan ga wani siririn hannu mai ɗauke da allura a bakinsa, yana kai da komo a kan faifan yana karatu yana rubutu. Allurar nan ba ta taɓa faifan yayin da yake juyawa, shawagi take yi a kan iskar da juyawar ke tayarwa, kuma tazarar da ke tsakaninsu 'yan nanomita ne kawai, alhali kaurin gashin mutum guda ya haura nanomita dubu 50. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin yadda faɗuwa ɗaya daga kan tebur, kwamfuta tana kunne, ke iya karce faifai ba.

An rarraba fuskar faifan zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi yana ɗaukar baiti 512, ko kuwa 4,096 a ma'adanan da aka ƙera daga wajen 2010 zuwa yau, kuma tare da kowane gurbi akwai wasu lambobin tantancewa waɗanda da su ma'adanar ke gane ko ta karanta daidai, har ta gyara ɗan kuskuren da bai yi yawa ba. Bayan haka kamfani yakan ɓoye wasu gurabe na ajiya, domin idan wani ya lalace a mayar da adireshinsa kan ɗaya daga cikinsu, ba tare da mai kwamfuta ya ji ko ya gani ba. A saman wannan duka kuma akwai fihirisa, wadda babbar manhaja irin su Windows ke rubutawa, mai bayyana sunan kowane fayil da guraben da yake zaune a ciki.

Daga nan za a ga cewa gazawar iri uku ce, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Akwai rikicewar fihirisa, inda ƙarfe lafiya lau yake, rubutu ne kawai ya hargitse, saboda an ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, ko an fizge ma'adanar waje ba tare da an sallame ta ba, ko an goge wani abu bisa kuskure. Akwai lalacewar gurabe, inda fuskar faifan kanta ta fara rauni, alamarta kuwa ita ce kwamfuta ta riƙa daskarewa idan an zo wani fayil, ko kwafi ya yi ta tafiya sa'an nan ya tsaya cik a wuri guda. Akwai kuma lalacewar inji, wato allura, ko motar da ke juya faifai, ko allon lantarki, alamarta ita ce ƙara mai maimaituwa, ƙas, ƙas, ƙas, ko shiru gaba ɗaya, ko kwamfuta ta kasa ganin ma'adanar sam. Na farko aikin manhaja ne tsantsa, na biyu manhaja tana iya ceton dukiyar amma ba ta warkar da faifan, na uku kuwa ya fi ƙarfin kowace manhaja.

Tambayar ma'adana

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kowace ma'adana tana riƙe da littafin halinta, tana rubuta abin da ya same ta tun ranar da aka fara kunna ta. Kamfanin IBM ne ya soma wannan dabara a 1992, sa'an nan kamfanin Compaq tare da wasu masu ƙera ma'adana suka fito da tasu, har a 1995 aka miƙa ta domin ta zama ƙa'ida ta bai ɗaya, wadda aka sani yau da sunan SMART. Abin da ya rage wa mai kwamfuta shi ne manhajar da za ta karanto masa littafin, kuma mafi shahara kyauta ake samun su. Ga masu Windows akwai CrystalDiskInfo, wadda wani Bajapane ya rubuta, mai nuna shuɗi idan lafiya, rawaya idan akwai abin lura, ja idan al'amari ya ɓaci. Akwai kuma smartmontools, wadda masanin kimiyyar fiziya Bruce Allen ya assasa a 2002, wadda ke aiki a Linux da Windows da kwamfutocin Apple, kuma ta fi zurfafa bayani ga wanda ba ya tsoron rubuta umarni da hannu. Kamfanonin ƙera ma'adana su ma suna da nasu, kamar SeaTools na Seagate.

Idan aka buɗe littafin za a tarar da jerin lambobi masu yawa, waɗanda ba dukansu ne ke da muhimmanci ba, kuma wanda ya tsaya a kan kalmar da ke sama, mai cewa ma'adana ta ci jarrabawa, ya yaudari kansa, domin wannan hukunci na jimla ba ya sauyawa sai lalacewa ta kai maƙura. Abin dubawa shi ne ɗanyen adadi da ke ƙarshen kowane layi. Lamba ta 5 tana faɗin yawan guraben da suka mutu aka musanya su da na ajiya. Lamba ta 197 tana faɗin guraben da ake tuhuma, waɗanda ma'adanar ta kasa karantawa amma ba ta riga ta yanke musu hukunci ba, kuma wannan ce ta fi tayar da hankali, domin tana nufin akwai rubutun da a halin yanzu ba ya karantuwa. Lamba ta 198 da ta 187 suna faɗin kurakuran da aka kasa gyarawa. A lafiyayyar ma'adana waɗannan duka sifiri ya kamata a gani, idan kuwa aka ga adadi, a rubuta shi a sake dubawa bayan kwana biyu, domin adadin da ke hawa ya fi wanda ke tsaye haɗari nesa ba kusa ba.

Akwai wasu lambobin da ke kare mutum daga mummunan zato. Lamba ta 199 idan ta yi yawa, galibi laifin wayar da ta haɗa ma'adana da kwamfuta ne, a sauya waya sai a ga an huta. Lamba ta 1 da ta 7 a ma'adanan Seagate sukan nuna miliyoyi ko da sabuwa ce fil, domin salon ƙidayar kamfanin ke nan, ba aibi ba ne. Lamba ta 194 tana faɗin zafin jiki, kuma akasarin kamfanoni suna sa iyaka tsakanin digiri 55 da 60, abin da ya kamata mai aiki a shago marar iska cikin watan Afrilu ya riƙa lura da shi. Ban da karanta littafi, ana iya umartar ma'adana ta jarraba kanta, ko dai gajeriyar jarrabawa ta kimanin minti 2, ko doguwa mai bin kowane gurbi wadda ke cin sa'o'i. Sai dai doguwar wahala ce ga ma'adanar da ta riga ta raunana, saboda haka ba a yin ta kafin a kwashe kaya.

Matsayin wannan shaida

Mas'alar da ta biyo baya ita ce, shin wannan shaida da ma'adana ke bayarwa a kan kanta, yaƙini take haifarwa ko zato? A watan Fabrairun 2007 wasu injiniyoyin Google su uku, Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber da Luiz André Barroso, suka bayyana sakamakon binciken da suka yi a kan ma'adanai fiye da 100,000 na kamfanin, inda suka tarar cewa ma'adanar da aka samu kuskuren farko a fuskarta ta fi sauran kusantar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39, wadda kuwa ta musanya gurbinta na farko ta fi su sau 14. Amma a cikin wannan bincike dai suka tarar cewa kashi 56 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna komai ba a manyan alamomin nan, kashi 36 kuwa ba su nuna wata alama ba ko ta ƙanƙani. Kamfanin Backblaze, wanda tun 2013 yake wallafa ƙididdigar ma'adanansa, ya ba da rahoto a 2016 cewa kusan kashi 77 cikin 100 na waɗanda suka mutu a hannunsa sun nuna alama a ɗaya daga lambobi 5, 187, 188, 197 da 198, alhali a cikin masu rai kashi 4 ne kacal suka nuna.

Hukuncin da ke fita daga nan a fili yake: idan ma'adana ta yi iƙirari da ciwo, a gaskata ta nan take, idan kuwa ta ce lafiya take, a saurara mata amma kada a dogara. Wannan ya shafe mu ƙwarai, mu da akasarin kwamfutocinmu na hannu ne, an yi shekaru ana aiki da su a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso kasuwanninmu. Mai saye yana da haƙƙin ya nemi a nuna masa lamba ta 9, wadda ke faɗin sa'o'in da ma'adanar ta yi a kunne. Shekara guda sa'a 8,760 ce, saboda haka wanda aka ce masa ba a daɗe da fara aiki da ita ba, ya ga sa'a 30,000, ya san abin da ake ciki. Sai dai a sani cewa littafin nan ma ana yi masa algus, domin a farkon 2025 jaridar fasaha ta heise a Jamus ta bankaɗo yadda wasu dillalai suka riƙa sayar da tsofaffin ma'adanai a matsayin sababbi bayan an mayar da ƙidayar sifiri, ba a gane su ba sai ta wani littafi na biyu da ke ɓoye cikin ma'adanan, wanda ba a goge ba.

Kwafi kafin komai

Idan tambaya ta tabbatar da cewa gurabe sun fara lalacewa, to daga wannan lokaci kowane juyi da faifan zai yi ragi ne daga abin da ya saura masa, domin wurin da ya karce yakan saki ƙananan ɓarɓashi, ɓarɓashin su shiga ƙarƙashin allura, su haifar da sabon karce. Wajibi na farko shi ne a kashe kwamfutar, kada a ɗora wata manhaja a kan ma'adanar, kada a yarda da tayin gogewa, a nemo wata lafiyayya wadda ta kai ta girma ko ta fi ta. Idan abin da ake buƙata 'yan fayiloli ne kuma suna buɗuwa, a fara kwashe mafi tsada daga cikinsu. Idan kuwa kwafi yana tsayawa, to kwafi irin na yau da kullum ba zai yi ba, gama shi idan ya ci karo da gurbin da ba ya karantuwa sai ya nace a kansa, ya yi ta maimaitawa har allura ta gaji, ko ya fasa aikin dukansa.

Domin wannan ne Antonio Diaz Diaz ya rubuta manhajar GNU ddrescue, wadda ta fito a 2004, kuma dabararta ita ce ta gwanin marubuci idan aka ba shi tsohon littafin da gara ta ci ya kwafa: ba ya tsayawa a shafin farko da ya lalace yana murza takarda har ta yage, yakan bar fili a wurin ya sa alama, ya wuce ya kwashe duk abin da ke karantuwa, sa'an nan ya komo ga wuraren da ya bari yana binsu kalma kalma. Haka ddrescue ke yi. A zagaye na farko tana kwashe lafiyayyun wurare da sauri, tana tsallake duk inda ta ji tauri, sa'an nan ta komo ta matso ga kowane lalataccen wuri daga gabansa da bayansa, sa'an nan ta bi abin da ya rage gurbi gurbi. Tana kuma rubuta taswirar aikinta a wani ɗan fayil, ta yadda idan aka ɗauke wuta, ko aka ga ma'adanar ta yi zafi aka hutar da ita, za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ta wannan hanya, ko da ma'adanar ta cika ana tsakiyar aiki, mafi yawan dukiyar ta riga ta tsira.

Ana gudanar da ita ne daga Linux, kuma akwai tarin manhajoji mai suna SystemRescue wanda ake ɗorawa a filas a tayar da kwamfuta da shi, ba tare da an taɓa ma'adanar da ke ciki ba. Umarnin sunaye uku yake nema a jere, na ma'adanar da za a kwasa, da na inda za a zuba, da na taswira. A nan akwai wurin da ƙafa ke zamewa, domin wanda ya juya na farko da na biyu ya zuba wofi a kan dukiyarsa, kuma wannan kuskure ba shi da kaffara. Wanda bai saba ba, ya nemi wanda ya saba ya tsaya a kansa.

Abin da ake kira gyara

Bayan kwafi ya samu, sai a ajiye majinyaciyar gefe guda, a fuskanci kwafin, wanda ana iya gwada dabara goma a kansa ba tare da fargaba ba, musamman idan an yi masa na biyu. Idan sashen ma'adana ne ya ɓace, ko kwamfuta tana cewa ba ta gane tsarinta ba, akwai TestDisk ta Christophe Grenier, mutumin Faransa, wadda ke bin faifai tana neman iyakokin sassan da suka ɓata, kuma tana iya maido da gurbin farko na sashe daga kwafinsa da tsarin Windows ke ajiyewa a ƙarshe. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa a ga komai ya komo da sunansa da jakarsa. Idan kuwa fihirisa ta halaka sarai, akwai 'yar'uwarta PhotoRec, wadda ba ta kula fihirisa ko kaɗan, gurabe take bi tana gane fayil ta hatimin da ke farkonsa, domin kowane iri yana da nasa, kuma ta san iri fiye da 400. Illarta ita ce sunaye ba sa dawowa, sai mutum ya tarar da dubban fayiloli masu lambobi ya zauna tantancewa, kuma fayil ɗin da aka rubuta a warwatse yakan fito da naƙasa. A kowane hali, abin da aka ceto ba a zuba shi a ma'adanar da ake ceto daga gare ta.

Amma manhajar da mutane suka fi gaggawar kira ita ce chkdsk da ke cikin Windows, kuma ita ce ta fi cancantar a yi hattara da ita. Manufarta ita ce ta daidaita fihirisa ta zama babu saɓani a cikinta, ko da hakan zai sa ta yanke abin da ba ta gane ba ta jefa shi wata jaka mai suna FOUND.000 a matsayin guntaye marasa suna. Idan kuma aka umarce ta da bin kowane gurbi, sai ta sa raunanniyar ma'adana aikin sa'o'i, tana rubutu a kanta. A kan lafiyayyen ƙarfe mai rikitacciyar fihirisa, ko a kan kwafi, aikinta yana da kyau. A kan ma'adanar da lamba ta 197 ke hawa kuwa, garin neman gira ne a rasa ido.

Saura maganar manhajojin da ake cewa suna gyara matattun gurabe, irin su Victoria da MHDD, waɗanda masu gyara ke ji da su. Haƙiƙanin abin da ke faruwa shi ne, gurbin da ake tuhuma yana nan a rataye har sai an yi sabon rubutu a kansa. Idan rubutun ya zauna, ma'adana ta wanke shi daga tuhuma, domin wani lokaci ɗauke wuta ne ya bar shi da rabin rubutu, idan kuwa bai zauna ba, ta yi watsi da shi ta ɗauko na ajiya. Manhajar tilasta wannan hukunci kawai take yi, kuma abin da ke cikin gurbin ya tafi ke nan. Saboda haka idan aka ga lamba ta 197 ta koma sifiri, ba faifan ne ya warke ba, ɓoye tabon aka yi, kuma guraben ajiya suna da iyaka. Ma'adanar da aka yi wa haka tana iya ɗaukar finafinan da ake da su a wani wuri, amma ba a ba ta amanar abin da ba shi da na biyu, kuma sayar da ita ga wani ba tare da bayyana aibinta ba ha'inci ne.

Inda manhaja ta tsaya

Idan ma'adana tana ƙara, ko ba ta juyawa, ko ta sha ruwa, babu abin da ya fi kashe ta nan take. Shawarar nan da ke yawo ta a sa ta a firji, ko a bubbuga ta, ko a kwance murfinta a leƙa, duk hanyoyin ƙarasa ta ne, domin sanyi yana tara raɓa a kan faifai, ƙurar ɗaki kuwa, balle ta hunturu, kowace ƙwaya tata ta fi tazarar allura girma sau ɗaruruwa. Masu wannan aiki a ɗaki mai tatacciyar iska suke buɗewa, su ciro allura daga wata ma'adana irinta sak su dasa, kuma suna da na'urori irin su PC-3000 na kamfanin ACE Lab, masu magana da manhajar cikin ma'adana kai tsaye. Wani lokaci ma laifin a wannan manhajar ciki yake, kamar yadda ya faru da samfurin Barracuda 7200.11, wanda a Janairun 2009 kamfanin Seagate ya amsa cewa wani kuskure yana sa wasu su ƙi tashi bayan an kunna su, alhali abin da ke kan faifan bai taɓu ba.

Abin da gwanaye ke iyawa yana da ban mamaki. Sa'ad da kumbon Columbia ya tarwatse a samaniyar Texas ranar 1 ga Fabrairun 2003, mutum 7 da ke ciki suka rasu, an tsinci wata ƙonanniyar ma'adana a cikin tarkacensa, kamfanin Kroll Ontrack ya ciro faifanta ya wanke ya dasa a wani jiki, ya ceto kashi 99 cikin 100 na sakamakon wani gwajin kimiyya, wanda aka wallafa a 2008. Sai dai wasu ma'adanai biyu na cikin kumbon ba a samu komai daga gare su ba, kuma irin wannan aiki kuɗinsa yakan ninka na sabuwar kwamfuta, ga shi masu yin sa ba su da yawa.

Sababbin kwamfutoci da yawa yanzu suna zuwa da ma'adana marar faifai, wadda ake kira SSD, mai sauri, mai jure faɗuwa, kuma ita ma tana da littafin SMART da ke faɗin yawan abin da ya rage na ƙarfinta. Amma ba ta ƙara kafin ta mutu, kuma abin da aka goge a cikinta galibi share shi take yi na haƙiƙa cikin ɗan lokaci, saboda haka ceto daga gare ta ya fi wuya.

Wannan duka yana komar da mu ga ƙa'idar da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa, wadda ake kira 3-2-1: duk abin da ke da daraja a yi masa kwafi 3, a kan na'urori iri 2, ɗaya daga ciki a ajiye shi a wani gida ko a intanet, domin gobara da ɓarawo ba sa bambanta kwamfuta da ma'adanar da ke gefenta. A haɗa da na'urar riƙe wuta ga mai kwamfutar tebur, da duba littafin SMART sau ɗaya a wata, da gwada buɗe kwafin lokaci lokaci domin a tabbata yana buɗuwa. Wanda kuma zai kai ma'adanarsa wurin mai gyara, ya yi masa tambaya ɗaya kafin ya miƙa, wato ko zai kwafe ta dukanta kafin ya taɓa komai. Idan ya ce babu buƙata, ya karɓi kayarsa ya nemi wani. Shi kuma mai gyara ya tuna cewa abin da aka miƙa masa sirrin gida ne da dukiyar mutane, bai halatta ya buɗe abin da aiki bai buƙata ba, kuma kwafin da ya rage a wurinsa, bayan mai shi ya karɓi nasa ya tabbatar, goge shi wajibi ne.